Su wa ke horar da 'yan matan ƙwallon raga a jami'o'in Amurka, kuma ta ina suka bi?

Wata 'yar'uwa da ta buga ƙwallon raga a jami'a, ta kuma karanta ilimin motsa jiki, ta ga bidiyon wasan da Jami'ar Nebraska ta shirya a filin ƙwallonta ranar 30 ga Agustan 2023, inda mutum 92,003 suka shiga kallon 'yan mata. Tana tambaya: su wane ne kociyoyin irin waɗannan ƙungiyoyi? Sai wanda ya yi suna a wasa ake ba aikin? Wace takarda ake nema? Me ya sa maza suka fi yawa a benci? Kuma baƙo daga wata ƙasa yana da ƙofar shiga?

'Yar'uwa, maganar takarda ita ce mai sauƙi, bari mu kawar da ita. Babu wani lasisi guda da ake nunawa a Amurka kafin a riƙe ƙungiyar jami'a, saɓanin ƙwallon ƙafa a Turai inda sai da babban lasisin UEFA ake zama a benci a manyan gasanni. Abin da jami'a ke rubutawa idan tana neman koci shi ne digiri na farko, a kowane fanni, wani lokaci a ƙara cewa an fi son mai digiri na biyu, sai shekarun gogewa. Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, abin da ya dame ta shi ne koci ya san dokokin zawarcin 'yan wasa kafin ya fita nema. Hukumar ƙwallon raga ta ƙasar da ƙungiyar kociyoyi ta AVCA suna da kwasa-kwasai, kuma suna da amfani, amma ba a ɗaukar mutum aiki don su.

Abin da ake tambaya idan sunan mutum ya zo gaban daraktan wasanni shi ne: a hannun wa ya koyi aiki? Sana'ar tana tafiya ne kamar ta kanikanci, inda ba a tambayar takardarka sai dai a ce "yaron wane gareji ne?" Idan kin riƙe wannan, sauran bayanin zai zo miki da sauƙi.

Tsofaffin hannu, waɗanda suka gina wasan, yawancinsu ba shahararrun 'yan wasa ba ne. Malaman makaranta ne da aikin ya faɗo musu. Dalili kuwa shi ne dokar nan ta 1972 da ake kira Title IX, wadda ta hana nuna bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Nan da nan makarantu suka buɗe ƙungiyoyin mata, ga ƙungiya babu mai horarwa, sai a kama wanda ke kusa.

Terry Pettit, wanda ya riƙe Nebraska daga 1977 zuwa 1999 ya kuma ci mata kofin ƙasa na farko a 1995, rubutun waƙa ya karanta a digirinsa na biyu, Turanci yake koyarwa kafin ya zo. Magajinsa John Cook burinsa ya horar da ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka. Ya samu aikin koyarwa a wata sakandare a San Diego, aka haɗa masa da ƙungiyar 'yan mata ta ƙwallon raga, alhali bai san kan wasan ba. Daga nan ya zama mataimakin Pettit, ya yi aiki da ƙungiyar maza ta ƙasa da ta ci tagulla a gasar Olamfik ta 1992, ya riƙe Wisconsin shekara bakwai, sannan ya dawo Nebraska ya ci kofi huɗu: 2000, 2006, 2015 da 2017. John Dunning malamin lissafi ne a sakandare a Kalifoniya. Jami'ar Pacific ta ɗauko shi a 1985, ya ci kofin ƙasa a shekararsa ta farko da ta biyu, daga baya ya ƙara uku a Stanford. Russ Rose, wanda ya fi kowa yawan nasara a babban mataki (na ɗaya cikin matakai uku na NCAA), ya karɓi Penn State a 1979 yana ɗan shekara 25 bayan ya rubuta kundin digirinsa na biyu a kan ƙididdigar ƙwallon raga. Ya zauna har 2021: nasara 1,330, kofi bakwai, huɗu daga ciki a jere daga 2007 zuwa 2010.

A wancan zamani ne ma za a iya miƙa wa yarinya 'yar shekara 21 ƙungiyar babbar jami'a. Haka aka yi wa Mary Wise a Iowa State a 1981, tana gama wasa a Purdue. Ta koma Kentucky ta yi mataimakiya, sannan ta karɓi Florida a 1991 ta riƙe ta fiye da shekara talatin. Yau wannan ba zai yiwu ba, domin kuɗin da ke cikin harkar ya yi yawan da babu daraktan da zai yi wannan kasadar.

Hanyar yau tsani ce, kuma matakanta sanannu ne. Mutum ya gama wasa a jami'a, wasu su ɗan buga na kuɗi a Turai shekara biyu ko uku. Daga nan sai matakin ɗalibi mai taimakon koci: jami'a ta yafe masa kuɗin karatun digiri na biyu, ta ba shi ɗan alawus, shi kuma ya yi shekara biyu yana jefa ƙwallo a atisaye, yana yanka bidiyo, yana shirya motar tafiya da masauki. Wasu ta ofishin kula da harkokin ƙungiya suke shiga, wasu ta teburin ƙididdiga. Sai ƙaramin mataimaki, sai mataimaki mai kula da zawarci, sai babban mataimaki. Daga nan ne ake samun ƙungiyar kai, yawanci a ƙaramar jami'a, inda za a ga ko mutum zai iya ɗaga ƙungiyar da ke ƙasan tebur cikin shekara huɗu ko biyar. Idan ya iya, manya su kira shi. Kafin Yulin 2023 akwai wani mataki da ake kira mataimakin sa-kai, wanda jami'a ba ta biyansa ko sisi, sai abin da ya samu a sansanin horar da yara na bazara. An soke shi a babban mataki aka mayar da gurbin na albashi, kuma gyara ne mai kyau, don a da sai mai gatan da zai iya ciyar da kansa shekara biyu ke iya bi ta nan.

Dubi mata biyun da suka haɗu a wasan ƙarshe na 2024. Dani Busboom Kelly ta buga wa Nebraska, tana cikin waɗanda suka ci kofin 2006. Ta yi mataimakiya a Tennessee, ta yi a Louisville, ta koma Nebraska ƙarƙashin Cook shekara biyar, sannan Louisville ta ba ta ƙungiya a 2017. Ta kai ta wasan ƙarshe sau biyu, 2022 da 2024, kuma da Cook ya yi ritaya a Janairun 2025 ita aka kira. Katie Schumacher-Cawley ta ci kofin 1999 a matsayin 'yar wasan Rose, ta yi shekaru a wata jami'a a Chicago da ba ta da suna a wasan, daga mataimakiya har ta zama shugaba, ta yi shekara guda tana shugaba a Jami'ar Pennsylvania (wadda daban take da Penn State), sannan ta yi abin da mutane da yawa ba sa iya yi: ta ajiye kujerar shugabanci ta koma mataimakiya a Penn State a 2018. Shekara huɗu bayan haka ta gaji maigidanta. Dukansu biyu gidan da ya rene su suka koma. Haka Robyn Ah Mow, wadda ta je Olamfik sau uku, ta gaji Dave Shoji a Hawai bayan ya yi shekara 42 a kujerar.

Idan kika bi salsalar kociyoyin za ki ga gidaje kaɗan ne suka haifi mafi yawansu. Gidan Nebraska ya fitar da Craig Skinner, wanda ya ci wa Kentucky kofin kakar 2020, da Christy Johnson-Lynch ta Iowa State. Gidan Carl McGown na Jami'ar BYU, farfesan da ya ƙware a kan yadda jiki ke koyon motsi, ya fitar da Hugh McCutcheon da Kevin Hambly na Stanford, kuma daga can ne aƙidar nan ta yaɗu cewa atisaye ya yi kama da wasa na gaske, a daina jera yara layi suna maimaita abu guda. Sai wani ƙaramin gari a jihar Indiana mai suna Muncie, inda Don Shondell ya kafa wasan a Jami'ar Ball State. Ɗansa Dave kocin sakandare ne kafin Purdue ta ɗauke shi a 2003. Skinner ɗan garin ne. Kelly Sheffield ma ɗan garin ne, bai taɓa buga wa wata jami'a ba, daga ƙungiyoyin yara ya fara, ya bi ta Albany da Dayton, ya ci wa Wisconsin kofin 2021. Wannan shi ne amsar tambayarki ta biyu: suna a wasa yana buɗe ƙofar farko, amma ba sharaɗi ba ne.

Wani abin lura a gefe. Cikin matan da suka yi nisa a aikin, masu ɗaga ƙwallo, wato seta, sun yi yawa: Wise, Ah Mow, Johnson-Lynch, har da Busboom Kelly kafin a mayar da ita libero, wato 'yar wasan da aikinta tsaron baya ne kawai. Ba abin mamaki ba ne. Seta ce ke zaɓar wadda za ta kai hari a kowane bugu, dole ta san inda masu tare raga na abokan hamayya suke, ta san wadda hannunta ya yi zafi da wadda ta karaya. Rabin aikin koci take yi tun tana fili. Doguwar mai duka da Allah ya ba tsalle sau da yawa ba ta iya bayyana yadda take yin abin da take yi, kuma wannan ne ke kayar da tsofaffin taurari a shekarunsu na farko: su nuna sau ɗaya, yarinya ta kasa, su rasa kalmar da za su gyara ta da ita.

Maganar yawan maza tana da tarihi. A 1972 fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙungiyoyin mata a jami'o'i mata ne ke horar da su. Binciken da Vivian Acosta da Linda Carpenter suka shafe shekaru suna yi ya nuna cewa zuwa 2014 abin ya sauko kusan kashi 43, idan aka haɗa dukan wasanni. Abin da ya faru shi ne, da can wasannin mata suna ƙarƙashin wata hukuma ta mata zalla, AIAW. A 1981 NCAA ta fara shirya nata gasannin na mata, AIAW ta rushe, aka haɗe sassan wasanni ƙarƙashin daraktoci waɗanda kusan dukansu maza ne. Albashi ya ƙaru, maza suka fara nema, masu ɗauka kuma suka riƙa ɗaukar waɗanda suka sani. Ƙwallon raga tana da nata ƙarin dalili: ƙungiyoyin maza a jami'o'i kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da na mata, waɗanda a babban mataki kaɗai sun haura 330. Namijin da ya gama wasa yana son zama koci, gurbin yana ɓangaren mata. Da yawa ma tun suna ɗalibai suke shiga a matsayin abokan atisaye, masu dukan ƙwallo da ƙarfi don 'yan mata su saba, a nan koci zai san su. Sakamakon haka, daga 1981 har 2023, gasa 43, babu mace ko ɗaya da ta ɗaga kofin babban mataki a matsayin shugabar masu horarwa. Wise ta kai wasan ƙarshe a 2003 da 2017 ba ta samu ba. Sai a Disambar 2024 Schumacher-Cawley ta karya wannan, tana tsaka da jinyar sankarar mama.

Akwai kuma abin da ke fitar da mata daga tsanin a tsakiya, wato jadawalin aikin. Ana shiga sansani farkon Agusta. Kaka tana farawa ƙarshen watan, wasa kusan talatin har ƙarshen Nuwamba, yawanci biyu a mako, rabi a waje. Ƙungiya 64 ke shiga gasar ƙasa a Disamba. Mutum zai ɗauka daga nan hutu ne, alhali lokacin ne aikin mataimaki ke farawa: daga Janairu zuwa farkon Yuli ƙungiyoyin yara masu zaman kansu ke gasa a manyan zauruka, fili sama da ɗari a ƙarƙashin rufi guda, koci yana yawo daga wannan zuwa wancan tun safe har dare yana duba 'yan shekara 15 da 16. Yuli kuma sansanin yara. Shekarun da ake hawa tsanin, daga 25 zuwa 35, su ne shekarun haihuwa da reno. Shi ya sa za ki ga miji da mata a benci guda a wurare da dama.

Kada ki ɗauka yawancin aikin a fili yake. Doka ta ƙayyade wa koci awa 20 a mako tare da 'yan wasa a lokacin kaka, awa 8 a wajenta. Sauran lokacin zawarci ne da bidiyo da takardu. A babban mataki ba a yarda koci ya tuntuɓi yarinya ba sai 15 ga Yuni bayan ta gama shekararta ta biyu a babbar sakandare, don haka a ranar wayoyi ke ɗaukar zafi, kuma wanda bai gama tantance jerin sunayensa tun watanni kafin nan ba ya makara. Mataimakin da ya tura saƙo kafin ranar, ko ya yi hira da iyayen yarinya a wajen gasa lokacin da aka hana, ya jawo wa jami'arsa hukunci. Tun 2018 akwai rajistar sauya sheƙa, inda 'yar wasa ke sa sunanta idan tana son barin jami'arta. Tun 2021 an ba su damar cin kuɗin tallace-tallace da sunansu. Daga 2025 jami'o'in da suka shiga sabon tsarin suna biyan 'yan wasa kai tsaye, kuma an ƙayyade musu mutum 18 a ƙungiya a maimakon tsohon tsarin tallafin karatu 12. Ma'ana, koci yanzu yana zawarcin 'yan wasan da ke hannunsa ma kowace shekara. Wanda ya saba da tsawa da tsoratarwa irin ta da, a Disamba zai wayi gari rabin ƙungiyarsa ta sa suna a rajista, ko kuma ƙorafi ya kai ofishin darakta.

Ilimin da ake gwada matashin koci da shi kuwa ƙididdiga ce. Dole ya iya shigar da wasa cikin manhaja irin su DataVolley, kowane taɓi da lambarsa, yayin da ake buga shi. Ingancin duka ana lissafa shi ne haka: a cire kurakurai daga dukan da suka ci maki, a raba da yawan yunƙuri. Yarinyar da ta kai hari 30, 14 suka ci, 5 suka lalace, tana da 9 bisa 30, wato .300, kuma wannan lamba ce mai kyau ga mai duka daga gefe. Karɓar sabis ana ba ta maki daga 0 zuwa 3, inda 3 ke nufin seta ta samu ƙwallon a inda za ta iya ba kowace mai duka. Sai yawan lokutan da ƙungiya ke cin maki idan abokan hamayya ne suka buga sabis, wanda shi ne ma'aunin da ya fi nuna wanda zai yi nasara. Mataimakin da zai iya zama da bidiyon abokan karawa ya fito da takarda shafi biyu, wadda ke cewa a juyi na kaza (yadda 'yan wasa shida ke sauya gurbi a fili) setarsu tana yawan ba ta tsakiya, a kai wa wance sabis gajere, ba ya rasa aiki.

Kuɗin ya bambanta sosai. A saman tsani, kwantiragin Busboom Kelly a Nebraska ya fara ne daga dala 700,000 a shekara. A mataki na uku, inda babu tallafin karatu na wasa, koci kan haɗa da koyarwa ko wani aikin ofis, mataimakinsa kuma na wucin gadi ne. Shugaba kan samu kwantiragin shekara huɗu ko biyar, mataimaka kuwa shekara-shekara ake sabunta musu, kuma ranar da aka sallami shugaba yawanci da su ake tafiya. Kuskuren da ya fi cin matasa shi ne gaggawar karɓar kujera. Mataimaki a babbar jami'a ya ji an ce "zo ka zama shugaba", bai tambayi nawa ne kasafin zawarci ba, guraben tallafin karatu nawa jami'ar ke biya da gaske, mataimaka nawa za a ba shi, ko zauren atisaye nasa ne ko sai 'yan ƙwallon kwando sun gama. Bayan shekara huɗu yana da tarihin shan kashi a takardarsa, kuma wannan tabon yana da wuyar gogewa.

Game da baƙo, ƙofar tana nan amma ƙunci gare ta. McCutcheon ɗan New Zealand ne, sai dai a matsayin ɗan wasa ya shiga BYU, ya koyi aiki a hannun McGown, ya ci zinare da mazan Amurka a 2008 da azurfa da matansu a 2012 kafin ya karɓi Minnesota. Da yawa daga baƙin da ke cikin harkar haka suka shiga, ta karatu. Takardun kwas na hukumar duniya, FIVB, suna da daraja a Afirka da Turai, amma daraktan wasanni a Amurka ba su yake dubawa ba. Hanyar da ta fi dacewa da mai digiri irin naki ita ce neman gurbin digiri na biyu haɗe da aikin ɗalibi mai taimakon koci, a kan bizar karatu. Bayan kammalawa akwai izinin aiki na wata 12, kuma idan jami'a na son riƙe mutum za ta iya nema masa bizar H-1B ba tare da shiga ƙuri'ar da kamfanoni ke shiga ba. Kada ki tsaya kan manyan sunaye. Mataki na biyu da na uku, da ƙananan jami'o'in hukumar NAIA, da kwalejojin shekara biyu, su ne ke amsa wasiƙar wanda ba su sani ba. Dan Fisher daga NAIA Pittsburgh ta ɗauko shi a 2013, bayan ya ci kofin can da Concordia ta Irvine.

Ki kuma shirya wa bambancin dokoki, don a nan baƙi ke jin kunya a makon farko. A dokar FIVB canji shida ake yi a kowane zagaye. A wasan mata na babban matakin jami'o'in Amurka 15 ne. Wannan ya sa ƙungiyoyi da dama ke amfani da seta biyu, kowacce ta shiga idan juyi ya kai ta layin baya, kuma ake da ƙwararrun masu tsaron baya da ke shiga su fita sau da yawa ban da libero, wadda ita ma a can an yarda ta buga sabis a juyi guda. Kocin da bai iya ƙirga canjinsa ba zai kai maki 20 ya tarar ba shi da sauran canji, gajeriyar mai tsaron baya ta maƙale masa a gaban raga.

Lokacin neman aikin shi ne daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ake sallama da ɗauka. Taron shekara na AVCA ana yin sa ne a garin da ake buga wasannin ƙarshe a tsakiyar Disamba, kuma a farfajiyar otal-otal ɗin taron ake ƙulla yawancin maganar aiki. Guraben ɗalibai masu taimakon koci kuwa an fi tallata su daga Janairu zuwa Afrilu don fara aiki a Agusta. Idan za ki rubuta wa koci, ki haɗa da abin da zai iya dubawa cikin minti biyar: ki ɗauki bidiyon wasa guda na wata ƙungiyar da ke rukuninsu, ki fitar da ƙididdigar karɓar sabis da ta duka juyi bayan juyi, ki rubuta shafi ɗaya na yadda za a kara da su, sannan ki sa sunan kocin da ya horar da ke da yadda za a same shi, domin za a kira shi.